Sunan Baba a Bangon Tasha

Jirgin ƙasa bai taɓa shigowa Damargu ba, amma garinmu yana da tasha, kuma tsofaffi har yau lagar suke ce mata, wato tashar jirgi a bakin Nasara, kamar dai jirgin yana hanya. Ɗaki ne guda mai tsawo, ginin ƙasa da aka shafe da siminti, rufin kwano, da rumfa a gabansa. Yana yamma da kasuwa, kusa da wata tsohuwar aduwa. Don awon gyaɗa aka fara gina shi, tun ba a haife ni ba. Da noman gyaɗa ya ja baya a wajenmu, sai manyan motocin da ke bi tsakanin Damagaram da Agadas suka mai da wurin masaukinsu. A wannan zamanin na buɗe ido na gan shi.

Baba ɗan kamasho ne a tashar. Ba ya tuƙi, ba ya yankan tikiti. Aikinsa ya kira matafiya ya cika mota, kuma murya ce duk abin da yake aiki da shi. Daga gonarmu ta bayan gari muna jin sa: "Tanut! Tanut! Saura ɗaya!" Ko da ba kowa a motar, direba ma yana kwance a ƙarƙashinta, saura ɗaya ne. Kowa ya san ba haka ba ne, amma duk wanda ya ji sai ƙafarsa ta ƙara sauri. Mata da ƙullin kaya a ka, Buzaye da salkarsu, mahauta masu zuwa sayen dabbobi, duk haka suke shigowa suna haki. Direbobi kuma in sun kunno kai cikin tasha sukan leƙo ta taga su kwaɗa masa, "Saura ɗaya!" shi kuwa ya ɗaga hannu. Ni na ɗauka gaisuwar tasha ke nan.

Wata shekara aka kawo mai fenti daga Damagaram ya rubuta sunayen garuruwa a bangon ciki, manya-manya, da baƙin fenti, wani bisa wani. Ina da shekara tara ko goma. Na kai wa Baba fura da rana, sai ya kama hannuna ya kai ni gaban bangon. Bai iya karatu ba, amma ya haddace jerin. Ya riƙa nunawa yana faɗa: Damagaram, Tanut, Agadas, Gangara, Balbeji. Sannan ya durƙusa kusa da ƙofa, inda yake shimfiɗa tabarmarsa. Can ƙasa, daidai gwiwar mutum, akwai wani rubutu ƙarami, kashi biyu.

"Ka ga wannan?" ya ce. "Sunana ne. Mai fenti ya rubuta mini."

Na taɓa shi da yatsa. Mai yankan tikiti yana zaune a teburinsa, na ji ya yi ƴar dariya. Ban sa ta a rai ba a ranar. Damina biyu bayan haka Baba ya rasu.

Ni ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Na ɗan taɓa allo, sannan gona ta ɗauke ni, in rani ya yi in tafi ci-rani kudu. Ina can wata shekara aka shimfiɗa kwalta, ta bi ta gabas da gari, motoci suka bi ta. Da na dawo na tarar da tasha ba kowa, sai ramukan da tayoyi suka bari da baƙin mai a ƙasa. Masu shayi da masu tsire duk sun koma bakin sabuwar hanya. Ɗakin bai zauna banza ba dai. A wata shekarar yunwa a ciki aka jibge hatsin taimako, muka yi layi a ƙarƙashin rumfar da Baba yake tsayawa. An yi zaɓe a ciki. Likitan dabbobi ya taɓa ajiye magungunansa a can na ɗan lokaci. Da ƙyauren ya ɓalle, awakin unguwa suka gaje shi, suka daɗe kuwa. Duk tsawon shekarun nan, in na wuce nakan leƙa in ga rubutun yana nan, in tafi abina. Ban taɓa cewa kowa ya karanta mini ba. Na san abin da aka rubuta, to me zan tambaya?

Na haura hamsin aka ce za a buɗe karatun manya a garinmu, kuma a tsohuwar tasha za a yi. Muka kori awaki, muka kwashe kashinsu aka kai gona, aka gyara ƙyaure, aka jingina baƙin allo a bangon gabas. Malaminmu tsohon mushen lakwal ne da ya ajiye aiki, ba ɗan garinmu ba, mutum mai magana a hankali. Mushe muke ce masa, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu. Mu goma sha wani abu ne, bayan la'asar muke haɗuwa, daga an gama kai amfanin gona gida har zuwa faɗuwar ruwa.

Ni na zaɓi wurin zamana tun ranar farko: kusa da ƙofa, inda tabarmar Baba take. Kusa da ni wani Bafillatani ne daga wajen Tanhiya, wanda ya zauna garinmu yana dillancin awaki tun da fari ya cinye masa shanu. Ya ce shi abin da ya kawo shi, ya gaji da kiran mahauci in yana neman surukinsa a waya, don bai iya karanta sunayen ba. Kakata ta wajen uwa Babarbariya ce, don haka tsakanina da shi wasa halal ne, kuma bai taɓa barin ranar ta wuce ba.

Da farko na sha wuya. Hannuna ya saba da farawa daga dama, Mushe ya yi ta mai da shi hagu. Alli yana karyewa a yatsuna. Ban damu ba. Wanda ya saba shuka ya jira ruwa, jiran harafi ba zai gagare shi ba. Da muka yi kamar wata guda, na tsaya bayan an tashi, na roƙi Mushe ya rubuta mini sunan Baba a kayena, littafin da nake rubutu a ciki. Na faɗa masa sunan ƙasa-ƙasa, don ba suna ba ne da bakina ya saba da shi. Ya rubuta, harufa biyar.

Kashegari na riga kowa zuwa, na ce shara zan yi. Na durƙusa na kara kayen da bango. Na bango harufa goma ne. Na farkonsa wani abu ne mai lanƙwasa kamar igiyar da aka yar, na kayena kuwa a miƙe yake. Na juya kayen, na gwada daga dama, na gwada daga hagu. Ba su haɗu ba ko ta ina.

Na zauna a wurin tsintsiya a hannuna. A lokacin ne dariyar mai yankan tikiti ta dawo mini, bayan shekara arba'in. Idan ba sunan Baba ba ne, to mene ne? Mai fenti baƙo ne, ya tarar da mutum bai san baƙi ba yana roƙon a rubuta masa suna. Me zai hana ya rubuta abin da ya ga dama, masu karatu su yi ta dariya, shi kuwa yana zaune a gindinsa yana nuna wa ɗansa? Zan iya tambayar Mushe ya faɗa mini kafin in ajiye tsintsiyar. Amma in abin kunya ne, ba na so ya fito daga bakin wani. Na yanke cewa ni zan karanta shi, ni kaɗai, ko zai ɗauke ni rani nawa. Daga ranar, in na zauna sai in manna bayana da bango in rufe shi.

Bafillatanin bai daɗe ba ya lura.

"Kai Babarbare, me ka binne a gindin bangon nan? Kullum kana manne kamar ƙadangare."

"Inuwa nake sha, ɗan Fulani. Kai da ka girma a rana ina za ka san daɗinta?"

"Cikin ɗaki ai duk inuwa ce. Matsa in gani."

"In na matsa warin nono zai kashe ni."

"Ji bawana da baki! Mushe, a bincike shi, goro yake ɓoyewa."

Aka yi dariya, magana ta wuce.

Wata rana Mushe ya ce ko akwai wanda zai gwada karanta layin sama na tsohon rubutun bango. Na miƙe da ƙarfin gwiwa, don wannan tun ina yaro na san shi. Na ɗora yatsa na ja shi a hankali yadda ake koya mana: "Da-ma-ga-ram."

Mushe ya ce, "Madalla, Malam. To nuna mini harafin ma a ciki."

Na duba. Babu.

"Harafin farko fa, wane ne?"

Na ƙura masa ido. Kwana biyu ke nan da muka koye shi, da zabo da zuma. Na ce, "Za ne."

"Damagaram da za take farawa?"

Bafillatanin har da kwanciya a tabarma. "Wallahi Babarbare da ciki yake karatu, ba da ido ba!"

Mushe ya bari aka gama dariya, sannan ya ce ban yi ƙarya ba, garin dai shi ne, amma sunan da ke takardun gwamnati aka rubuta, Zinder. Ya dube ni ya ce, "Abin da ke bangon za ka karanta, Malam, ba abin da ka zo da shi daga gida ba."

Ni ma na yi dariya tare da su, amma na koma wurina ina tunani. Layin farko ma ba abin da Baba ya faɗa ba ne. To ina ga na ƙasa?

Na ci gaba da zuwa da wuri. Harufan sun koɗe, awaki sun goga jiki a kansu shekara da shekaru, amma ana ganin su. Duk harafin da muka koya sai in zo in neme shi. Kafin zafi ya yi tsanani na san su duka goma. Kashi na farko: SAOURA. Na biyu: DAYA. Na haɗa su yadda aka koya mana, na ji bakina yana cewa, "Sa-o-u-ra da ya." Na maimaita ya fi a ƙirga. Sa'o'ura ba Hausa ba ce. Ba Barbarcin da na ji a bakin kakata ba ne. Na taɓa jefa wa wani Buzu kalmar a kasuwa kamar da wasa, ya dube ni kawai. Na biyun kuwa ya fi tayar mini da hankali, don shi na gane shi: da ya. Da ya yi me? Magana ce aka fara ba a ƙarasa ba. Na jiƙa tsumma na goge bangon gaba da wurin, ko sauran ya ɓuya a ƙarƙashin datti. Ba komai sai siminti. Ina tafiya gona ina ƙarasa maganar da kaina, kuma ba abin kirki zuciyata take kawo mini ba. Da ya ci. Da ya gudu. Da ya ruɗi mutane.

Ana cikin haka mutanen meri, ofishin magajin gari, suka zo da igiyar awo. Suka ce an yanke za a mai da ɗakin magaza, a riƙa ajiye hatsin gari tun da kaka, a fito da shi da damina in rumbuna sun yi ƙasa. Za a toshe tagogi, a yi sabon shafe ciki da waje kafin ruwa ya sauka, mu kuma a ba mu aji guda a lakwal da yamma. Babu wanda ya ƙi. Duk wanda ya taɓa neman tiya guda ta hatsi a tsakiyar damina ya san amfanin abin. Ni ma na ce madalla. Amma kasuwa biyu kawai suka rage magina su fara, kuma ni ina nan da sa'o'ura.

Sau biyu na tsaya bayan an tashi da niyyar in tambayi Mushe. Sau biyun na ce masa a huta gajiya na wuce.

A darasinmu na ƙarshe a tashar, Mushe ya ce tun da za a rufe bangon, bari mu yi sallama da shi. Ya sa Bafillatanin ya karanta layi na biyu. Ya miƙe, ya gyara hula, ya ɗora yatsa a kan TANOUT.

"Ta-no-ut. Tano'ut?" Ya juyo. "Mushe, na bi shanu ƙasar nan gabas da yamma, ban taɓa sauka a Tano'ut ba. Garin Barebari ne?"

"Ranar kasuwar da ta wuce ina ka kai awaki?"

"Tanut."

"To ita ce."

Mushe ya ɗauki alli. Ya ce mai fentin a lakwal ya yi karatu, da Faransanci, kuma su Nasara in za su rubuta u sai sun haɗa harufa biyu, o da u. In ka gan su a jere, ka yi kamar o ba ya nan. Ya ƙara da cewa ba su san ƙugiya ba, irin wadda muke sa wa ɗa da ƙa da ɓa. In suka rubuta ɗaki, daki za ka gani. Kai mai karatu kai za ka sa ƙugiyar da bakinka.

"Ikon Allah," in ji Bafillatanin. "Can sun yi ɓarna, nan sun yi rowa."

Ban ji sauran darasin ba. Bayana yana manne da bango, na ji kamar wurin ya ɗauki zafi. Da aka tashi na ce su tafi, ni zan rufe. Rana ta yi ƙasa, haskenta ya shigo ta ƙofa ya kwanta daidai wurin. Na durƙusa. Na sa babban yatsa na danne o. Sa-u-ra. Saura. Na dubi na biyun, na sa masa ƙugiya da bakina.

Ban san na faɗa da ƙarfi ba sai da na ji ɗakin ya amsa. Kwanon rufin nan ya san maganar. Na zauna a ƙasa na yi dariya ni kaɗai, sannan na share fuska da hannun riga. Ba zagi ba ne, alhamdu lillahi. Amma kuma ba sunan da ke kayena ba ne, kuma dariyar mai tikiti tana nan. Ko Baba ya mutu yana zaton sunansa na yanka ne a bangon?

Inna tana da rai, tana ɗakinta a gidana, idonta ya yi rauni amma kunnenta da bakinta lafiya lau. Na tarar da ita a ƙofar ɗaki tana ɓare gyaɗar iri. Na gaishe ta na zauna.

"Inna, rubutun nan na tasha da Baba ya ce sunansa ne. Yau na karanta shi."

"Kai da kanka?"

"Ni da kaina."

"To, Allah ya yi albarka. Ashe ba zaman banza kuke yi ba."

"Inna, ba sunansa ba ne. Saura ɗaya aka rubuta."

Ta ajiye gyaɗar ta juyo da fuska wajena. "To da me kake so a rubuta?"

Na ɗauki gyaɗa guda na ɓare.

"Ai shi ya ce a sa haka. Ya dawo gida yana ba ni labari kamar an naɗa shi sarauta. Mai fenti ya tambaye shi suna, ya ce masu irin sunansa sun yi yawa a garin nan, har da liman, har da mai gyaran taya. In an rubuta wa zai san nasa ne? Wannan kuwa shi kaɗai ne. Daga Agadas har Kano da shi direbobi suka san ubanku."

"Ni ban taɓa jin an kira shi haka a gida ba."

"Wa ya isa? Ni na hana. Na ce sunan tasha ya tsaya a tasha." Ta ɗauki gyaɗarta ta ci gaba. "Tun ranar da aka je neman aurena nake jin haushinsa. Mahaifina ya ce wane ne yaron, aka ce masa Saura Ɗaya ne na lagar. Ya ce saura ɗaya me? Ƴaƴana mata uku ne, duk suna nan."

Ta yi dariya har tari ya kama ta, na miƙa mata ruwa.

Da safe na je na faɗa wa Mushe, na kai shi na nuna masa. Ya ce ya gani tun ranar da muka kori awaki, ya yi ta tunanin ko mene ne ya rage guda ɗaya. Da ya ga ina rufe wurin da bayana, sai ya bar ni. Na ce ashe ya sani duk watannin nan. Ya ce shi harufa ya sani, bai san mutumin ba.

Ranar shafe ni na ɗebo wa magina ruwa da amalankena. Kafin su kai wurin na durƙusa na kwafe rubutun a kayena yadda yake, da o ɗinsa. A ƙarƙashi na sake rubuta shi yadda aka koya mana, na ba shi ƙugiyar da mai fenti ya hana shi. Babban maginin ya ga na daɗe a durƙushe, ya ji labari, ya ce ko in ina so ya bar mini wurin kamar faɗin tafin hannu biyu. Na duba. Tsohon simintin ya tsage a gefen, kuma hatsi za a zuba. Ɓera ba ya buƙatar fiye da haka. Na ce ya shafe.

Yanzu buhunan hatsi ne jingine a wurin, kuma tashar ta koma magaza a bakin yara. Tsofaffi suna nan da lagar ɗinsu.

Da rani ya zagayo muka koma karatu a lakwal, kan bencin yara, gwiwoyinmu suna dukan tebur. Mushe ya sa kowa ya rubuta abu ya karanta wa aji, ni kuwa layi biyun nan na karanta, na ba su labarin. Bafillatanin bai tsokane ni ba ranar, abin da bai taɓa yi ba. Bayan kwana uku jakina ya ɓata mini lokaci a rijiya, na makara. Na shawo kwanar lakwal ke nan na hango shi tsaye a ƙofar aji, ya kafa hannu biyu a baki.

"Aji ya cika! Saura ɗaya!"

Na san ba haka ba ne, don na hango mutum biyu a bayana suna tafe. Duk da haka na ƙara sauri.